Taswirar Jariran da Ake Haifa da Tawaya: Ina Za a Sa Ɗigo?

Jama'a, barkanmu da haɗuwa. Maganin thalidomide ne ya koya wa duniya wannan aiki na bin diddigin jariran da ake haifa da tawaya. Daga 1957 zuwa 1961 an riƙa ba masu juna biyu shi saboda laulayi, aka haifi jarirai sama da 10,000 da guntayen hannuwa da ƙafafu. An daɗe ba a farga ba, don kowane asibiti nasa kaɗai yake gani. Daga baya aka buɗe rajistar irin waɗannan jarirai, ta Atlanta a Amurka a 1967, EUROCAT ta Turai a 1979.

Kowane jariri ana ba tawayarsa lamba daga rukunin Q na ICD-10, wato kundin lambobin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, sannan a sa masa ɗigo a taswira. To, a ina? Nan ake yawan yin tuntuɓe. Idan kuka ɗauki adireshin asibiti, garin da ke da babban asibitin ƙwararru zai cika da ɗigo, alhali turo marasa lafiya ake yi can. Adireshin ranar haihuwa ma bai isa ba. Bututun da ke zama ƙwaƙwalwa da laka yana rufewa ne wajen kwana 28 da shigar ciki, lokacin da mace da yawa ba ta ma san tana da shi ba. Inda ta zauna a waɗannan makonni, ruwan da ta sha, aikin da ta yi, su muke nema.

Sannan ɗigo ba ƙidaya ba ne. Ana lissafi a kan kowace haihuwa 10,000, har da jariran da ba su zo da rai ba. Ku ɗauki gundumar da ake haihuwa 500 a shekara. Jariri ɗaya ya ba ku 20, uku su ba ku 60, sai a ce abu ya ninka uku, kuma wataƙila katari ne kawai. Shi ya sa ake haɗa shekara biyar kafin a yi magana.

Ma'auni ma kan ruɗar da taswira. A 2015, da aka ga yawan jarirai masu ƙaramin kai a jihar Pernambuco ta Barazil, wanda aka gano cutar Zika ce sanadi, an fara da iyakar santimita 33 ta kewayen kai. Lafiyayyu da yawa suka faɗa cikin lissafi, sai aka sauko da ita 32.

Wajen wallafawa kuma, a nuna gunduma, kada a nuna gida. A ƙaramin ƙauye ɗigo ɗaya ya isa maƙwabta su gane ko ɗan wa ake nufi.