Ted Briggs, ɗan sigina na jirgin Hood

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da wannan lokaci.

Sharhinmu na yau a kan wani sojan ruwan Birtaniya ne, Ted Briggs, wanda ya yi shekara 35 yana aiki, amma duniya ta san shi da abin da ya faru a cikin minti uku kacal.

An haife shi a 1923 a garin Redcar da ke gaɓar teku a arewacin Ingila. Yana ɗan shekara 12 ya hango jirgin yaƙin nan Hood ya yada zango kusa da garinsu, tun daga ranar kuwa ya ƙwallafa rai. Ya je neman shiga soja, aka ce ya yi ƙanƙanta. Da ya cika shekara 15, a 1938, ya koma aka ɗauke shi. Bayan horo, a watan Yulin 1939, sai ga shi an tura shi Hood ɗin nan da ya yi ta mafarki, sauran 'yan makonni yaƙin duniya na biyu ya ɓarke.

Bari mu ɗan tsaya a kan aikinsa, domin ba kowa ya san shi ba. A lokacin yaƙi jiragen ruwa kan kame baki daga magana ta rediyo, saboda abokan gaba na saurare, suna iya gano inda jirgi yake. To ta yaya kwamanda zai ba da umarni ga jirgin da ke can nesa? Da tutoci masu launi da ake ɗagawa a jere, da fitila mai ƙyaftawa, doguwar ƙyaftawa da gajeruwa, kowace tana nufin harafi. Ɗan sigina shi ke karantawa, shi ke mayar da amsa, a tsaye a sarari, cikin sanyi da feshin ruwan gishiri. Ba ya harba bindiga. Amma in ya kuskure harafi guda, jirgi mai mutum dubu na iya juyawa inda bai kamata ba. Wannan aiki ne ya sa yaro ɗan shekara 18 yake tsaye kusa da babban kwamanda, Lancelot Holland, da asubahin 24 ga Mayun 1941.

A ranar ce Hood ya yi arangama da jirgin Jamus, Bismarck, a mashigin tekun da ke tsakanin Aislan da Girinlan. Wajen ƙarfe shida na safe wuta ta kai ga ma'ajiyar harsasai, jirgin ya tsage, ya nutse cikin minti uku. Mutum 1,418 ke ciki. Uku suka fita da rai: Briggs, da Bob Tilburn, da William Dundas.

Briggs ya sha ba da labarin cewa a bakin ƙofa wani babban hafsa, John Warrand, ya ja gefe ya ba shi hanya ya fara wucewa. Hafsan bai tsira ba. Ruwa ya ja yaron ƙasa har ya saduda, sai wata iska da ta kuɓuce daga cikin jirgin ta cillo shi sama. Ya ɗare kan wani ɗan ƙaramin abin iyo, cikin baƙin mai da sanyi mai kashe jiki, har jirgin Electra ya zo ya tsince su. Kwana uku bayan haka aka nutsar da Bismarck, shi ma da mutum wajen dubu biyu.

Abin da ya fi taɓa ni, jama'a, shi ne ya koma teku. Ya ci gaba da aikin sigina har ƙarshen yaƙin, ya yi yaƙin Koriya, ya zama hafsa a 1956, ya yi ritaya a 1973 da muƙamin laftana, aka ba shi lambar girma ta MBE. Shekara 32 ke nan bayan ruwan ya haɗiye abokansa, yana tashi kullum yana sa kaki.

Akwai wani abu game da lambobin yabon wancan yaƙi da ya kamata a sani. Wanda ya yi wata shida a teku a fagen yaƙin tekun Atlantika ya cancanci Tauraron Atlantika, mai ƙyalle shuɗi da fari da kore. Sai dai Birtaniya ta raba irin waɗannan taurari ba tare da ta zana sunan kowa a jiki ba. Mazan jiyanmu da suka je Boma, su ma an yi wa fagensu tauraro irin wannan. In mai lamba ya rasu, takardarsa ta ɓace, ƙarfen ba zai faɗi na wane ne ba. Shi ya sa nake ganin duk gidan da ke da irin wannan lamba a ƙasan adaka, a rubuta sunan mai ita da inda ya je, tun masu tunawa suna raye.

Briggs dai sunayen mutum 1,415 da suka mutu a Hood ya ɗauka a wuyansa. Dundas ya rasu a hatsarin mota a 1965, Tilburn a 1995, ya rage shi kaɗai, yana shugabantar ƙungiyar tunawa da Hood. A watan Yulin 2001 aka gano gawar jirgin a zurfin kusan mita 2,800. Aka kai tsohon, yana ɗan shekara 78, shi ya saki allon tunawa mai ɗauke da sunayen mamatan zuwa ƙasan teku.

Ya rasu a Portsmouth ranar 4 ga Oktoban 2008. Ya so a ciro ƙararrawar jirgin, bai kai ga gani ba. An ciro ta a 2015, tana nan a gidan tarihin sojan ruwa na garin da ya rasu.