Miya Ɗaya, Baki Goma: Girkin Paleo da Rage Sitaci a Babban Gida

Assalamu alaikum masu kallo. Girkinmu na yau na babban gida ne: mutum goma, manya shida, yara huɗu. A cikin manyan akwai uku da ke son rage sitaci, wani saboda ciwon sukari, wani saboda teɓa. Uwargida, kada ki ce sai kin riƙa ɗora tukunya biyu kullum. Miya ɗaya za ta wadatar da kowa, abin da ake ci da ita ne kawai zai bambanta.

Mu fara raba abu biyu da ake yawan haɗawa. Paleo tsarin cin abinci ne da ya yi tashe a Amurka a farkon shekarun 2000. Yana kwaikwayon abin da ɗan Adam ke ci kafin a fara noma: nama, kifi, ƙwai, ganye, 'ya'yan itace da saiwa. Ya cire hatsi gaba ɗaya, da dangin wake har da gyaɗa, da nono, da sukari. Rage sitaci kuwa lissafi ne. Mutum yana tsayawa ƙasa da giram 130 na sitaci da sukari a rana, masu tsanantawa kuma ƙasa da 50.

A nan mutane ke yin kuskure. Dankalin Hausa, doya, zuma da dabino duk paleo ya yarda da su, amma giram 100 na dankali yana ɗauke da sitaci kusan giram 20. Ƙuli-ƙuli da kindirmo marar sukari kuma paleo ya cire su, alhali mai rage sitaci zai iya ci daidai gwargwado. Don haka ki fara sanin wanne kowa yake bi. Mai ciwon sukari lissafin sitaci ne damuwarsa.

Mu dubi lissafin faranti ɗaya. Giram 100 na dafaffiyar farar shinkafa yana da sitaci kusan giram 28, kuma babba kan ci giram 300 a zama ɗaya, wato ya haura 80 ke nan tun da rana. Giram 100 na kabeji bai wuce 6 ba. Kabewa, gauta da kuɓewa duk suna nan kusa da haka.

To, ga miyar. Taushe za mu yi, amma da agushi maimakon gyaɗa, don mai paleo ma ya ci. Ki tanadi nama kilo ɗaya da rabi, kabewa kilo ɗaya, tumatir takwas, tattasai shida, attaruhu huɗu, albasa uku, manja ludayi ɗaya, niƙaƙƙen agushi gwangwanin madara biyu, alayyafo babban ɗauri biyu, yakuwa ƙaramin ɗauri ɗaya.

Kilo ɗaya da rabi zai yi miki kamar ya yi yawa, amma nama yana raguwa da kusan kashi ɗaya cikin huɗu idan ya dahu. Kuma wanda aka janye wa tuwo, idan ba a ƙara masa nama da mai ba, kafin la'asar zai nemi burodi. Ki ware wa kowane mai rage sitaci giram 200 na ɗanyen nama, sauran manya 150, yara 100. Idan jan nama ya yi tsada, ki haɗa da hanta, ƙoda, tumbi, busasshen kifi ko tarwaɗa. Duk sun shiga tsarin.

Ki tafasa naman da albasa ɗaya, citta, tafarnuwa da gishiri. Bayan minti talatin ki zuba kabewar da kika fere kika yanka manya-manya. Idan ta yi laushi, ki tsame ta ki dame da ludayi. Ita ce za ta ba miyar kauri, ba sai kin nemi gari ba. A wata tukunyar ki zuba manja, ki soya kayan miya har ruwansu ya ƙone, mai ya taso sama. Ki kwaɓa agushi da ɗan ruwa, ki zuba, ki rage wuta. Ki ba shi minti goma sha biyar zuwa ashirin kina juyawa lokaci-lokaci. Idan kika yi gaggawa zai yi ƙarnin ɗanye, idan kika bar wuta da ƙarfi zai kama gindin tukunya ya ɓata miyar da ƙauri. Sai ki juye romo da nama da kabewa. Yakuwa ta fara shiga, alayyafo a ƙarshe, minti biyar kawai, tukunya a buɗe don kada ganyen ya dafe. Mai bin paleo sau da ƙafa ba ya amfani da dunƙulen ɗanɗano ko daddawa, don haka ki ɗibar masa tasa kafin ki saka.

Mutum bakwai za su ci da tuwon shinkafarsu kamar kullum. Ukun nan tuwon kabeji za a yi musu. Kabeji kilo ɗaya da rabi, ki yanka, ki markaɗa da ɗan ruwa, ki juye a tsabtataccen ƙyallen tata, ki matse iya ƙarfinki. Wannan matsewar ita ce aikin duka. Idan ruwa ya saura, tuwon ba zai haɗe ba, komai garin da kika ƙara. Ki zuba tuƙar a tukunya kan matsakaiciyar wuta, ki juya minti biyar, sannan ki barbaɗa garin siliyum (psyllium, garin ɓawon ƙwayar wani tsiro da ke sa tuwo ya haɗe) cokali uku, kaɗan-kaɗan, kina tuƙawa da muciya. Ana samun garin a manyan kantuna da wajen masu sayar da kayan rage ƙiba. Idan ya yi yawa tuwon zai koma kamar roba, idan kabejin ya daɗe a wuta zai yi wari. Ki malmala, ki bar shi ya huta minti goma ya ƙara ɗaurewa. Wanda ya ci ya sha ruwa sosai, domin garin yana zuƙe ruwa a ciki. Ranar da babu garin, ki yanka kabeji siriri ki turara, ko ki dafa gauta ki daka, a zuba miya a kai.

Da safe yara su sha kokonsu da ƙosai. Su ukun a soya musu ƙwai uku-uku da albasa da alayyafo, shayi babu sukari. Da dare kwaɗon zogale da gasasshen kifi. Mai paleo a yi masa nasa da dakakken riɗi maimakon ƙuli-ƙuli.

Wannan ɓangaren a saurara da kyau. Yara, masu juna biyu da masu shayarwa ba a rage musu sitaci sai da umarnin likita. Mai yin allurar insulin ko shan ƙwayar da ke sauke sukari ya ga likitansa kafin ya fara, domin idan tuwo ya ragu magani bai ragu ba, sukarinsa zai iya faɗuwa har ya suma. Mai ciwon ƙoda shi ma kada ya ƙara nama da kansa. A makon farko ciwon kai da kasala sukan zo saboda jiki yana zubar da ruwa da gishiri. A yawaita shan ruwa da romo, mai hawan jini kuma ya tambayi likita kafin ya ƙara gishiri.

Idan kin ninka miyar don kwana biyu, ki raba ta a ƙananan robobi ta huce da wuri, ta shiga firij cikin awa biyu, a lokacin zafi cikin awa ɗaya. Takan kai kwana uku idan ba a ɗauke wutar lantarki ba. Tuwon kabeji kuwa ki yi na ranar kawai, don idan ya kwana yana sakin ruwa.