Idan Likita Ya Ce Yana Zargin Babbar Jijiyar Cikin Maigida Ta Kumbura

Assalamu alaikum jama'ar Agege, Idi-Araba, Mile 12, Alaba Rago da duk inda kuke kallonmu a Legas. Yau da ke nake, uwargida, ke da likita ya danna cikin maigidanki ya ce yana zargin babbar jijiyar jini ta kumbura, a je a yi hoto. Idan kai ne maigida kuma matarka aka gaya wa haka, maganar ta shafe ka kai ma. Na fi fuskantar mata ne don ciwon ya fi kama maza, musamman waɗanda suka haura shekara 65 kuma suka taɓa shan taba.

Jijiyar nan likitoci suna kiranta ayota, kuma babu wadda ta kai ta girma a jikin mutum. Daga zuciya take fitowa, ta lanƙwasa, ta gangaro ta gaban ƙashin baya har daidai cibiya, nan ta rabu biyu zuwa ƙafafu. Faɗinta a cikin ciki kusan santimita 2 ne. Idan bangonta ya yi rauni, ƙarfin bugun jini sai ya riƙa tura shi waje a hankali, kamar yadda tsohon tiyo ke yin tulu a wurin da robar ta yi laushi. Idan faɗin ya kai santimita 3, shi ne ake cewa ta kumbura. Abin tsoron shi ne kada ta fashe, domin jinin da ke zuba daga nan ba ya jira.

To amma ki riƙe wannan: zargi daban, tabbaci daban. Mutum siriri idan ya kwanta rigingine, sau da yawa ana iya jin jijiyar tana bugawa a saman cibiyarsa alhali lafiyarta ƙalau. Hannun likita ba ya auna faɗin jijiya. Sikanin ne yake aunawa, irin wanda ake yi wa masu juna biyu, ba allura, ba zafi, 'yan mintuna an gama. Wani wurin za a ce ya zo bai karya ba, don iskar hanji tana rufe hoton. Abin da nake roƙonki shi ne kada takardar hoton ta kwana a aljihun babbar riga har mako ya zagayo. Maza da yawa, da zarar sun ji ba inda ke musu ciwo, sai su ce "ai na warware", su koma kasuwa. Shi kuwa wannan ciwo yawanci haka yake, shiru, ba alama.

Ranar karɓar sakamako ki bi shi, ko ki tura babban ɗa mai natsuwa. Tambaya ta farko ita ce: santimita nawa? Wannan lambar ita ce komai ya rataya a kanta. A tsarin da Ingila ke bi, inda ake gayyatar duk namijin da ya cika shekara 65 ya zo a duba shi, daga santimita 3 zuwa 4.4 ƙaramin kumburi ne, ana sake hoto sau ɗaya a shekara. Daga 4.5 zuwa 5.4 matsakaici ne, ana dubawa duk wata 3. Sai ya kai 5.5 ake zama maganar tiyata, ko idan yana girma da sauri, ko ya fara ciwo. Ga mata akan fara maganar tun wajen santimita 5, don jijiyarsu ta fi ƙanƙanta. Likitanku na iya tsara tazarar hoton daban, nasa za ku bi.

Na san abin da ke zuwa ran mutum: in dai akwai matsala, me ya sa ba za a gyara yanzu a huta ba? Dalilin shi ne tiyatar babba ce, tana da nata haɗarin, kuma idan kumburin ƙarami ne, haɗarin aikin ya fi na barinsa ana sa ido. Saboda haka idan likita ya ce "ku je ku dawo", ba watsar da ku ya yi ba. Ciwon kan ɗauki shekaru yana tafiya. Masanin kimiyya Albert Einstein an gano nasa a 1948, ya rayu da shi har 1955, lokacin da ya fashe kuma shi da kansa ya ƙi a sake yi masa aiki. Yau hanyoyi biyu ne: ko a buɗe ciki a sa bututun roba a madadin wurin da ya lalace, ko a bi ta jijiyar matsematsi a zura bututun daga ciki ba tare da buɗe ciki ba. Wani hoton daban da ake kira siti sikan (CT) ne yake nuna wadda ta dace da jijiyar mutum.

Yanzu ki ƙara sauti, wannan ɓangaren ya fi kowane muhimmanci. Idan ciwo mai tsanani ya sare shi farat ɗaya a ciki, ko a baya, ko a kwiɓi yana gangarawa mara. Idan gumi mai sanyi ya keto masa, jiri ya ɗebe shi, zuciya na bugawa da sauri, ko ya suma, to babu maganar "bari gari ya waye". Kada a tsaya kemis. Kada a ce olsa ce ta tashi ko tsakuwar ƙoda, domin fashewar jijiyar nan tana kama da su, har ma'aikatan lafiya tana iya ruɗa su idan ba a gaya musu tarihin ba. Ki kira 112 ko 767, lambobin gaggawa na jihar Legas. Ku kwantar da shi, kada a ba shi abinci ko ruwa, kuma kalmar farko da za ki faɗa a ƙofar asibiti ita ce an ce jijiyar cikinsa ta kumbura.

Kowa ya san cunkoson garin nan, shi ya sa shirin ake yinsa tun ana lafiya. Wanda ke Agege ya fi kusa da asibitin koyarwa na LASUTH a Ikeja, na Idi-Araba da Mushin ga asibitin koyarwa na LUTH a ƙofarsa. Amma ki tambayi likitanku kai tsaye: idan abu ya faru da tsakar dare, ina za mu nufa da za mu tarar da likitan tiyatar jijiyoyi da wurin ajiyar jini? Ki samu maƙwabci mai mota da ya yarda a buga masa ƙofa ko ƙarfe nawa ne. Ki ɗauki hoton sakamakon a wayarki da wayar yara. Ku san rukunin jininsa, ku san waɗanda za su iya ba shi jini a cikin dangi da abokan jam'i.

A gida kuma, abin da ya fi ƙarfi a hannunku shi ne taba. Ita ce kan gaba wajen haddasa ciwon da saurin girmansa, kuma shisha ma hayaƙin taba ce. Gori ba ya raba mutum da sigari, lallashi da haƙuri sun fi aiki, kuma likita yana da abin da zai taimaka masa da shi. Sai hawan jini: ya sha maganinsa kullum ko yana jin garau, ki rage gishiri da dunƙule a miya, ku sayi na'urar awon jini ta gida idan da hali. Idan azumi ya ƙarato, a tambayi likita yadda za a raba maganin tsakanin sahur da buɗa-baki. Tafiya a ƙafa tana da kyau. Amma mai ɗaga buhun albasa ko kwandon tumatir a Mile 12 sai ya gaya wa likita irin aikinsa, don nishin ɗaukar nauyi yana harba jini sama. Kada a yi masa tausar ciki, kada a kai shi a yi masa ƙaho ko tsaga a wurin. Ga kuma wani abu da mutane ba su cika sani ba: a 2018 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa Cipro, maganin kashe ƙwayoyin cuta, da danginsa suna iya ƙara haɗarin fashewar jijiyar ga masu wannan kumburi. Mu kuwa da zazzaɓi ya daɗe sai a ce taifot ne, a aika yaro kemis ya sayo shi. Kada ya sha sai likitan da ya san halinsa ya rubuta.

Sai ke kanki. Na san akwai matan da ke farkawa cikin dare su saurari numfashin maigida, su kasa komawa barci. Wannan tsoron ƙauna ce, ba raunin imani ba. Amma kada ki mai da shi majinyaci tun bai kwanta ba. Idan kowane tari sai kin ce "Malam, lafiya?", zai fara ɓoye miki ciwo, kuma ɓoyewar ita ce haɗarin. Ku yi alkawari ɗaya: shi ba zai ɓoye sabon ciwon ciki ko na baya ba, ke kuma za ki bar shi ya yi harkarsa. Maganar shimfiɗa ma kada kunya ta hana a tambayi likita. Mai ƙaramin kumburi yawanci ba a hana shi. Idan da abokiyar zama, ta san alamomin gaggawa kamar yadda kika sani, don ba a san ɗakin da zai kwana ranar ba. Ki samu 'yar'uwa ɗaya mai riƙe sirri da za ki riƙa sauke mata abin da ke ranki, ki ci abinci, ki yi addu'a, ki kuma rubuta ranar komawa asibiti a inda kowa zai gani.

Idan hoto ya tabbatar da kumburin, akwai waya ɗaya da ya kamata a buga gida Arewa. Ciwon yana bin jini. 'Yan'uwansa na ciki ɗaya, musamman maza da suka manyanta, a gaya musu su je asibiti su ce an samu ɗan'uwansu da kumburin babbar jijiyar ciki, suna so a yi musu sikanin su ma.