Me ya sa mofin ɗin kabewa yake fitowa da ɗanyen ciki?

Assalamu alaikum uwargida, amarya, da ku samarin da kuka fara shiga kicin. Barkanmu da sake haɗuwa.

Ku dubi wannan mofin, wato ɗan ƙaramin kek na kabewa. Sama ya yi ja, ya tashi, ƙamshin kirfa ya cika ɗaki. To bari in raba shi biyu. Kun gani ko? Ciki kamar alalar da aka sauke ba ta gama nuna ba, ƙasan kuma ya kwanta ya yi danƙo, har yana kama yatsa. Tun da Oktoba ta kama nake ta samun hotuna irin wannan, kuma tambayar ɗaya ce: Anti, na bi awon daidai, ban rage ba ban ƙara ba, ina matsalar take? Wata baiwar Allah ta ce sau uku tana yi, ƙwai shida ke nan da fulawa da sukari a wannan tsadar. Ita ce ta sa na ajiye abin da na shirya yi a wannan makon na kunna kyamara.

Awonki daidai ne, hannunki ma lafiya lau. Kabewar ce ba irin wadda Ba'amurkiyar da kika kalli bidiyon girkinta ta yi amfani da ita ba.

Bari mu leƙa inda abin ya fito. Wannan da kuke gani kaka ce a Amurka, daga Satumba zuwa Nuwamba, lokacin da ganyen itatuwa ke rikiɗa ya koma ja da ruwan ɗorawa kafin ya zube. A watannin nan kabewa ce sarauniya. Ranar 31 ga Oktoba suna sassaƙa mata fuska su sa fitila a ciki, ranar Alhamis ta huɗu a Nuwamba kuma, ranar bikin godiyarsu, da wuya ka ga teburin da babu abin kabewa. Tun da kamfanin Starbucks ya fito da kofi mai kayan ƙamshin kabewa a 2003, abin ya ƙara bunƙasa, kek, biskit, har kyandir. Kuma ba abin mamaki ba ne, domin asalin kabewa daga can nahiyar take. A ƙasar Meziko aka fara nomanta, shekaru dubbai da suka wuce. Mu ma nan da kaka take cika kasuwa, sai dai mu tukunyar taushe muke nufa da ita.

Yanzu ku lura da hannun matar nan ta cikin bidiyon girkin. Ba ta ɗauko wuƙa ba, ba ta fere komai ba. Gwangwani ta buɗe. A nan gizo ke saƙar.

Yawancin girke-girken mofin na Amurka, idan suka ce kabewa, ta gwangwani suke nufi, mai nauyin giram 425. Wadda ta fi shahara ita ce Libby's, ana sarrafa ta a wani gari mai suna Morton a jihar Ilinoi, da wani irin kabewa da ake kira Dickinson. Ba ma irin jar nan mai sheƙi da ake sassaƙawa ba ce, doguwa ce, bayanta ruwan ƙasa-ƙasa, tsokarta mai kauri. A masana'anta an dafa ta, an matse ruwan, an niƙa. Ku duba yadda cokali ya tsaya cak a tsakiyar gwangwanin, bai ko karkata ba.

Mu kuma yaya muke yi? Yadda muka gada. A fere, a yanka, a zuba a tukunya da ruwa, a bar ta ta yi luguf, a dama. Wannan hanyar ita ce daidai idan miya za a yi, don miya ruwa take so. Wata ma da ta zo niƙawa sai bilenda ta ƙi juyawa, ta ɗan ƙara ruwa. Sannan a auna kofi ɗaya da rabi kamar yadda aka ce, a zuba a kwaɓi. Kofin ya cika, ba shakka, amma da me ya cika?

Ga lissafin, kuma ina so ku ɗan ba ni hankalinku a nan. Ɗanyar kabewa sama da kashi 90 cikin 100 ruwa ce. Wadda aka dafa a ruwa tana kaiwa wajen kashi 94, ta gwangwani kuma wajen kashi 90. Za ki ce ai bambancin huɗu ne kacal, me zai yi? To juya lissafin. A cikin giram 100 na dafaffiya, tsokar gaske wajen giram 6 ce. A ta gwangwani wajen giram 10. Ke nan kin zuba ɗan abin da ya haura rabin tsokar da girkin yake jira, kin cike gurbin da ruwa. Kuma ruwan dafaffiyar sakakke ne, ba ya riƙe a jikin tsokar, da kin ajiye ta a faranti za ki ga yana tsatsafowa ta gefe. Ga shi nan, ku duba bakin farantin.

Idan wannan kwaɓin ya shiga wuta, fulawar da ke ciki tana da iyakar ruwan da za ta iya shanyewa. Sama da gefe suna fuskantar zafi kai tsaye, sai su bushe su yi ja da wuri. Tsakiya kuwa tana nan tana tafasa. Tururi ya ɗaga shi ya kumbura, ki leƙa ki yi murna, amma bangon da zai riƙe kumburin bai ƙanƙame ba. Kina fitarwa iska ta buge shi, sai ya lotsa, ruwan ya sauka ƙasa ya yi wannan danƙararren layin da na nuna muku da farko. Daɗin kabewar ma ya salance, launin ya koɗe.

Na san dabaru biyu da ake yi idan an ga haka, kuma duk biyun ba na goyon bayansu. Wasu su ƙara fulawa har kwaɓin ya yi kauri, sai a samu abu mai nauyi, ba ɗanɗanon kabewa, ga sukari da mai sun yi kaɗan. Wasu kuma su bar shi ya daɗe a wuta, waje ya ƙone, ciki yana nan yadda yake. Tun kafin a fasa ƙwai ake gyaran.

To ga yadda nake yi. Wajen saye, ɗauki wadda ta ƙosa, mai nauyi a hannu, bayanta da tauri har farce ba ya shiga. Idan yanka ake sayarwa, nemi mai jan ciki sosai, mai tsoka tumɓur, ki kauce wa mai zare-zare da fari-fari. Mai kabewa ya san wadda ke da gari, tambaye shi, zai nuna miki.

Ki raba ta, ki kwashe 'ya'yan ki ajiye gefe, za mu dawo kansu. Kada ki fere. Kifa ta a faranti, bawon yana sama, ki sa a oben mai zafin digiri 200, minti 40 zuwa 50, har cokali mai yatsu ya shige ba gardama. Gashi yana fitar da ruwa, kuma yana sa zaƙinta ya fito. Ku ga gefen nan da ya ɗan yi duhu, wallahi nan ne daɗin yake, kada ki yar.

Wadda ba ta da oben, ko take tattalin gas, madambaci ya ishe ki. Turara ta kamar za ki yi dambu, ruwa a ƙasa, kabewa a sama, kada su haɗu.

Ta huce, ki kankare tsokar da cokali, ki niƙa. Ko ɗigon ruwa kada ki sa. Idan bilenda ta ƙi, kashe ta, tura da cokali, sake kunnawa. Ko ki murje da bayan ludayi a rariya, ya fi ma laushi.

Sai matakin da ake tsallakewa. Ɗauko ƙyallen tatar koko, mai tsabta, wanda ba ya warin gasara. Shimfiɗa shi a kan gwagwa, ki ɗora a kan roba, ki juye kabewar. Ki bar ta awa ɗaya ko biyu. Idan da firji da wuta, ki bar ta ta kwana a ciki. Ba na son a matse da ƙarfi kamar ana tatar kamu, don tsokar za ta biyo ruwan, ɗan dannawa kaɗan ya isa.

Bari in yi shiru ku kalli yadda yake ɗiga.

Kun ga abin da ya taru a robar? Wannan duka da cikin mofin ɗinki zai shiga. Kada a zubar, yana da zaƙi da launi, a juye a miyar dare.

Mai sauri kuma, ga gajeriyar hanya. Juye niƙaƙƙiyar kabewar a kasko ba mai, wuta kaɗan, ki yi ta juyawa minti 10 zuwa 15 har tururin ya ragu, ta fara tattaruwa tana barin gindin kaskon. Ni wannan na fi so ma, don ƙamshinta ya fi tashi. Amma a bar ta ta huce sarai kafin ta haɗu da ƙwai.

Yaya za ki san ta yi? Ɗebo cokali ɗaya ki ɗora a faranti, ki ja layi a tsakiya da yatsa. Idan layin ya tsaya, ruwa bai biyo ya rufe shi ba, ta yi. Kaurinta ya zama kamar na tumatirin gwangwani da aka ɗan sassauta, ko talgen da ya fara kama jiki. Kuma sai bayan an tace ake awo. Kofi ɗaya da rabi na tatacciya, wajen giram 340. Don haka ki gasa fiye da yadda kike zato, tana raguwa sosai.

Ga 'yan uwanmu da ke zaune a Amurka ko Kanada, masu saye a kanti, ku duba jikin gwangwanin da kyau. Iri biyu ne suke zama kafaɗa da kafaɗa a kanta ɗaya. Ɗaya zallar kabewa ce, ɗayan kuma an riga an zuba masa sukari da kayan ƙamshi don wani girkin daban. Zallar ake so.

Sauran aikin ba wuya, mu yi sauri. Roba ta farko: fulawa giram 220, wato kofi ɗaya da kashi uku cikin huɗu, bekin soda ƙaramin cokali ɗaya, gishiri rabin ƙaramin cokali, kirfa ƙaramin cokali ɗaya da rabi, garin citta rabi, gyaɗar ƙamshi da kanumfari ɗan kaɗan. Abin da suke sayarwa a kwalba da sunan kayan ƙamshin kabewa ke nan fa, kusan duk suna cikin kayan shayinki, kuma babu kabewa ko ƙwaya a cikinsa. Kanumfari dai a yi hankali, yana da son mulki, idan ya yi yawa shi kaɗai za a ji.

Soda na ce, ba bekin foda ba. Soda tana buƙatar abu mai ɗan tsami kafin ta yi aiki, shi ya sa ake sa jan sukari. Idan fari kawai gare ki, sa kindirmo a madadin madara, zai tashe ta.

Roba ta biyu: mai rabin kofi, sukari giram 200, rabi fari rabi ja, ƙwai 2, madara ko kindirmo kwatan kofi, sai kabewarmu. A kaɗa su haɗu. Juye wannan a kan fulawar.

A nan kuma ki riƙe hannunki. Mun saba da fanke da funkaso, inda ake bugun kwaɓi har ya yi danƙo yana jan zare. Mofin ba ya son haka ko kaɗan, danƙon nan shi ke sa shi tauri da dogayen ramuka a ciki. Juya a hankali daga ƙasa zuwa sama, da kin daina ganin busasshiyar fulawa ki tsaya. 'Yan gudajin nan ki ƙyale su, wuta za ta ji da su.

Gwangwanin mai gurbi 12 ne, kamar tandar masa. Shafa mai ko ki sa takarda, ki cika kusan baki. Oben ya riga ya yi zafi, digiri 220 na minti 5 na farko don kan ya yi tozo, sannan ki rage zuwa 180 ba tare da kin buɗe ƙofa ba, minti 15 zuwa 17. Idan kin ji Ba'amurkiya ta ce 350, ma'auninsu daban ne, 180 ɗinmu take nufi. Mai gashi a tukunya da yashi, ki bari yashin ya ɗau zafi sosai tukuna, wuta matsakaiciya, kuma ki daure ki bar murfin a rufe har minti 20. Na san zuciya tana son leƙe.

Soka tsinken sakace a tsakiya. Ya fito da ɗan ɓurɓushi, ya yi. Minti 5 a gwangwani, sannan a fitar su sha iska, in ba haka ba gindin zai yi gumi.

Yanzu ga na farkon, ga na yanzu, fulawa ɗaya, awo ɗaya, daga kabewa ɗaya na yanko su. Bari in raba wannan. Ku duba cikin, ruwan ɗorawa har ƙasa, na danna ya dawo. A zafin garinmu kada ya wuce kwana biyu a waje, saura a sa a firji, a ɗan ɗumama kafin a ci da shayi.

Af, 'ya'yan da muka ajiye. Wanke su, ki shanya su bushe, ɗan mai da gishiri, ki soya sama-sama a kasko har su fara ƙara. Ki ɓoye kaɗan kafin yara su gani, ki barbaɗa a kan kwaɓin zagaye na gaba.