Sayalik asid: tsagar da ke fuskar ƙwayoyin jiki

Assalamu alaikum, masu kallo. Duk wanda ya taɓa shiga mayanka a Katsina ya san yauƙin yawun saniya. Daga cikin wannan yauƙin ne, a 1936, wani masani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Gunnar Blix ya tace sinadarin da ake kira sayalik asid, sunan da aka ciro daga kalmar yawu a Girkanci. A 1941 kuma Ernst Klenk na Jamus ya samo irinsa a cikin ƙwaƙwalwa.

Sukari ne, amma ba irin na shayi ba.  Gulukos kabon 6 gare shi, wannan kuwa 9, kuma a kan kabon na farko yana ɗauke da cajin lantarki nagatif. Kowace ƙwayar halitta a jikinmu tana lulluɓe da sarƙoƙin sukari, shi kuma a can bakin sarƙar yake zama. Duk abin da ya tunkaro ƙwayar, da shi zai fara cin karo. Kamar tsagar gado yake: tun kafin mutum ya buɗe baki an san ɗan wane gida ne.

Ire-irensa sun haura 50. Manyan su uku ne: Neu5Ac, wanda ya fi yawa a jikin mutum, da Neu5Gc na shanu da awaki da tumaki, sai KDN da aka fara ganowa a ƙwan kifi. Sauran ana samun su ne idan aka liƙa wani ɗan guntun sinadari a kabon na 4, 7, 8 ko 9. Ɗaurinsa a jikin sarƙa ma iri-iri ne, akwai 2,3 da 2,6 da 2,8, wato lambobin kabon ɗin da suka haɗu a wurin ɗaurin. Ku riƙe waɗannan lambobin, za mu dawo kansu.

A cikin jini, cajin nan ne ke sa jajayen ƙwayoyi su riƙa ture juna, kada su dunƙule. Da zarar an aske shi, sukarin da ke ƙarƙashinsa, galaktos, sai ya fito fili, hanta da saifa kuma su ɗauki ƙwayar a matsayin wadda ta gama aiki, su tsince ta.

A nan ne maganar ta shafi makiyaya kai tsaye. Saniyar da ta tafi kiwon rani kudu, ƙudan tsando ya cije ta, tana iya dawowa da sammore. Ƙwayar cutar tana sakin wani sinadari mai aiki kamar aska, sayalides, wanda ke aske tsagar daga fuskar jajayen ƙwayoyin da lafiyarsu lau. Jikin dabbar da kansa ne zai riƙa cinye jininsa. Shi ya sa a kasuwar Mai'adua ko Caranci mai saye da ya san hannunsa kan ja fatar idon saniya ya duba: idan cikin ya yi fari maimakon ja-ja, jini ya tafi. Maganin ƙarin jini kaɗai ba ya tsayar da wannan ɓarnar, domin askar na nan tana aiki. Sai an kashe ƙwayar cutar da magani irin diminazin, miligiram 3.5 a kan kowane kilo na nauyin dabba, a hannun likitan dabbobi. Kintata nauyi da ido a yi allurar da ba ta kai ba, shi ke haifar da ƙwayoyin da ba sa jin magani. Abin alfahari ne cewa marigayi Farfesa Andrew Nok na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, a kan wannan sayalides ɗin ya ci kyautar kimiyya ta kamfanin iskar gas na NLNG a 2009.

Bairos ɗin mura kuwa mariƙi ya mayar da sayalik asid. Yana da sinadari ɗaya na kamawa, harafin H ke nan, da wani na yankewa idan zai fita, harafin N, kamar a H5N1 da ta ɓulla a Jihar Kaduna a 2006. Murar tsuntsaye ta fi kama ɗaurin 2,3, wanda ya cika hanjin kaji. Hanci da maƙogwaron mutum 2,6 ne ya fi yawa a cikinsu, shi ya sa ba ta saurin yaɗuwa tsakanin mutane. Sai dai can cikin huhunmu akwai 2,3, don haka mai fige matattun kaji yana shaƙar ƙurarsu yana cikin haɗari na gaske. Maganin Tamiflu askar N yake toshewa, kuma ya fi amfani a cikin awa 48 na farko.

Nonon uwa, musamman dakashi, ya fi madarar shanu yawan sayalik asid, kuma ƙwaƙwalwa ce gaɓar da ta fi tara shi. Zubar da dakashi asara ce babba ga jariri.

Sai sanƙarau, wanda muka sani a lokacin zafi. Wasu daga cikin ƙwayoyinsa ɓad-da-kama suke yi, su yi wa kansu riga da sayalik asid. Nau'in B rigarsa doguwar sarƙa ce mai ɗaurin 2,8, irin wadda ke cikin ƙwaƙwalwar ɗan tayi sak. Sojojin jiki suna ganinta sai su ce ɗan gida ne, su ba shi hanya, kuma rigakafin da aka yi ƙoƙarin haɗawa da wannan rigar bai yi aiki ba, sai da aka koma ga furotin ɗin jikin ƙwayar. Nau'in C, wanda ya yi ɓarna a Zamfara da Sakkwato da Katsina a 2017, sukarin ɗaya ne amma ɗaurinsa 2,9 ne, jiki na iya gane shi baƙo ne. Allurar MenAfriVac nau'in A kaɗai take karewa, don haka wanda aka yi wa ita bai tsira daga C ba. Men5CV da Najeriya ta fara amfani da ita a 2024 ta haɗa A, C, W, Y da X, amma babu B a cikinta.