Kulob ɗin halittu a lakwal: daga kututturen kalgo zuwa waken Zariya

Hadiza: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka. Hadiza ce ke magana daga Maradi. Yau ina tare da Mushe Isa, wanda ya daɗe yana koyar da ilimin halittu a koleji, da kuma Laminu, wanda ya karanta aikin gona a jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo. Mushe, ina wuni?

Mushe Isa: Lafiya lau, ƴata. Ina gajiya?

Laminu: Barka da yamma, Baba. Yaya Hadiza, sannu da aiki.

Hadiza: Yawwa. Zancen yau kulob-kulob ne da ake kafawa a lakwal don yara su san ire-iren halittun da ke kewaye da su, su kuma san fasahar sarrafa halittu. Bari in fara da tsokana, Mushe. Ni iyakar abin da na gani a irin wannan kulob shi ne a dasa itace, a ɗauki hoto, a watse.

Mushe Isa: Kin shigo da zafi! Amma ba ki yi ƙarya ba. Bikin dasa itatuwa ranar 3 ga Agusta yake, lokacin lakwal tana rufe. A tara yara su dasa dogon yaro, kowa ya koma gona, kafin a dawo a Oktoba awaki sun gama da shi. Shi ya sa ni ba na fara kulob da dashe. Da ƙirga nake farawa. In ba kowane yaro kaye da bik, in ce ku zagaya filin lakwal da bayan katanga, duk abin da ya tsiro ku rubuta sunansa. Wanda ba ku sani ba ku tsinko ganyensa ku kai wa kakanninku.

Hadiza: Suna samun wani abin kirki kuwa? Filin lakwal ai rairayi ne kawai.

Mushe Isa: Haka ido yake gani daga nesa. Da sun sunkuya sai ga sabara, ga kalgo, ga ƴar magarya, ga aduwa da akuya ta gwaguye ta ƙi mutuwa, ga tumfafiya, ga tafasa. Wani yaro ya kawo mini ganye ya ce ciyawa ce. Na ce ya tona gindin. Ya yi ta tono da ƴar kwasa, sai ga kututture mai kaurin cinyarsa a ƙarƙashin ƙasa. Itace ne babba da aka sare tun kafin a haife shi, saiwar tana raye, kowace shekara tana turo toho ana sassabewa.

Laminu: Wannan ai shi ne tushen sassabin zamani, Baba.

Mushe Isa: Shi ne. Ka ba su labarin, kai ka karanta shi a jami'a.

Laminu: A nan jihar Maradi abin ya fara, a 1983, da wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo. Ya yi ta dashen itatuwa suna mutuwa, daga baya ya lura cewa ƴan tohon da ke cikin gonaki itatuwa ne masu tsohuwar saiwa. Dabarar ba ta da wuya. Ka zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi a kan kututture, ka sare sauran, ka rage ƙananan rassan ƙasa, ka bar shi ya miƙe. Ba ban ruwa, ba sayen dashe. Manoman Maradi da Damagaram suka ɗauka, irin su mutanen Ɗan Saga wajen Agiye, har masu bincike suka ƙiyasta kusan hekta miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200. A 2018 aka ba Rinaudo kyautar Right Livelihood, tare da Yakuba Sawadogo na Burkina Faso.

Hadiza: To ka ga abin takaici. Daga wasu ƙasashe ake zuwa ganin wannan aiki, ɗan da ke zaune a kalas a Tibiri ko Gidan Runji bai san ubansa na yin abin da duniya ke yabawa ba.

Mushe Isa: Shi ya sa kututture ɗaya a bayan kalas ya fi mini dashe ɗari. Kowane rukuni na yara su riƙi nasu, su auna tsawonsa da igiya duk wata, su rubuta. Kuma yana jure babban hutu, don saiwarsa ta riga ta kai ga laima. Daga nan sai mu tafi ga gawo. In tambaye su, me ya sa hatsin da ke ƙarƙashin gawo ya fi na fili? Su je su duba da kansu: yana zubar da ganye da damina, bai tare wa shuka rana, ganyen ya zama taki, da rani dabbobi su taru a inuwarsa suna cin ƴaƴansa suna barin kashi.

Hadiza: Ban da itatuwa fa? Yara ai dabbobi suka fi so.

Mushe Isa: Akwai jar akuyar Maradi, wadda fatarta ta yi suna har Turai. Akwai tsuntsayen tafkin Madarunfa ga lakwal ɗin da ke kusa. Raƙuman dawa kuma, a 2018 an kwaso guda 8 daga Kure aka kai Gadabeji. Amma kuɗin mota zuwa can ba kowace lakwal ke da shi ba, kada mu yaudari kanmu. Abin da ba ya cin ko dala shi ne iri. Kowa ya zo da zangarniya ɗaya daga rumbun gidansu, da tafin wake, da dawa. A shimfiɗa a tabarma. Ga zango mai doguwar zangarniya, ga maiwa mai jinkiri, ga irin hatsin HKP da ya fito daga wurin masu bincike, ga wake fari, ja, mai ɗigo-ɗigo. Sai a tambaya, me ya sa kaka ba ta yarda ta shuka iri ɗaya tak ba? Yaro da kansa zai gano cewa in ruwa ya ɗauke da wuri wani iri ne zai tsira, in ya daɗe wani ne.

Laminu: Baba, a nan ne nake da ƙorafi. Duk wannan rabin aiki ne. Ina fasahar? Yawancin kulob ɗin nan da an zo maganar sarrafa halittu sai a ce babu laboratuwar, a tsallake.

Mushe Isa: To ai babun ce, ɗana. Na taɓa aiki a wata lakwal da madubin duba ƙwayoyin halitta guda ɗaya, shi ma yana kulle a ofishin direkta don kada ya lalace.

Laminu: Ba sai da shi ba. A tuge gindin wake ko gyaɗa a hankali, a wanke saiwar. Za a ga ƴan ƙulle-ƙulle a jikinta. A tsaga ɗaya da reza, in cikinsa ya yi ja-ja, to yana aiki. Ƙwayoyin bakteriya ne a ciki suke jawo sinadarin azot daga iska suna ba shukar, shi ne dai sinadarin da ake saye a buhun ure. Yaro ya gani da idonsa dalilin da ake haɗa wake da hatsi a gona ɗaya. Ko a ɗauki madara a raba kwano biyu, ɗaya a zuba masa ɗan tsohon nono, ɗaya a bar shi, a duba da safe. Ko a gayyato mai yin daudawar batso ta nuna yadda ake dafa ƴaƴan yakuwa a rufe su kwanaki har su ruɓa yadda ake so. Duk aikin ƙananan halittu ne da mutum ya sa su yi masa bauta.

Hadiza: Wato Inna mai daudawa ita ma malamar kimiyya ce.

Laminu: Ta fi wasu masu takarda sanin zafin da ya dace. Amma wanda ya fi burge ni shi ne maganin murzuna, tsutsar nan da ke sassaƙe zangarniyar hatsi tana zagayawa. Masu bincike na INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa, a Tarna suna kiwon wani ɗan mitsitsin ƙwaro dangin zanzaro. Macen tana harbin tsutsar ta sandare, ta saka ƙwai a jikinta, ƴaƴan su ƙyanƙyashe su cinye ta. Ana zuba tsabar hatsi a ƴan ƙananan buhunan algarara tare da wasu tsutsotsi da ƙwarin, a rataye kusa da gonaki lokacin da hatsi ke fitar da kai, su riƙa fita ta ramukan buhun suna neman murzuna. Ba feshi, ba guba. Tarna tana nan bakin gari, ƴan kulob na iya zuwa da ƙafa daga wasu unguwanni.

Mushe Isa: Wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Inda nake ja da baya shi ne irin da aka taɓa ƙwayar gadonsa. Ban ga dalilin kawo wa ɗan shekara 13 wannan rigima ba.

Laminu: Rigimar ta riga ta iso, Baba. A ƙarshen 2019 Najeriya ta fitar da wake mai suna SAMPEA 20-T daga cibiyar binciken gona ta Samaru a Zariya. An sa masa ƙwayar gado daga wata bakteriyar ƙasa da ake kira Bt, tsutsar da ke huda fure da kwanson wake in ta ci sai ta mutu, feshi ya ragu. Daga nan zuwa Jibiya ta Najeriya tafiyar nawa ce? Wake kuwa ba ya nuna takarda a bakin iyaka a Ɗan Isa.

Mushe Isa: Shi ne abin da ke damuna. In kowa ya koma iri ɗaya, waken kaka da muka shimfiɗa a tabarma fa? Kuma tsutsa tana iya sabawa da maganin, an ga haka a audugar wasu ƙasashe.

Laminu: Tambayoyi ne masu kyau, kuma su nake so yaran su iya yi. Yanzu a kasuwa duk irin da ya zo cikin leda sai a ce na Nasara ne mai kashe ƙasa. Ga hatsin Chakti da aka fitar a Nijar a 2018, mai yawan sinadarin ƙarfe, ta hanyar barbara da zaɓe aka samo shi, yadda manoma ke yi tun kaka da kakanni, sai dai da awo. Shi daban, waken Bt daban. Wanda bai san bambancin ba, ko ya ƙi duka ko ya karɓi duka, kuma kowanne asara ne.

Hadiza: Ni a nan ina bayan Laminu, Mushe, ka yi haƙuri. Ƴan matan da ke kulob ɗin su ne gobe za su sayi waken su dafa. Gara su ji daga bakinka da su ji daga saƙon murya na WhatsApp. Amma Laminu, ta yaya za ka nuna wa yaro ƙwayar gado ba tare da na'ura ba?

Laminu: Da ayaba. A dame ta a leda da ruwa, a sa ɗan gishiri da ɗan sabulun ruwa, a tace da ƙyalle cikin kofin gilashi. Sai a tsiyaya alkol na farmasi mai sanyi a hankali ta gefen kofin. Jim kaɗan wani farin abu mai yauƙi kamar miyar kuɓewa zai taso, a ɗebo shi da tsinke. ADN ke nan, zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado. Sabulun ya fasa ƙwayoyin, gishirin ya tattara shi, alkol ya fito da shi. Daga nan bayani ya yi sauƙi: a wannan zaren aka rubuta yadda shuka za ta kasance, masu waken Zariya layi ɗaya suka ƙara a cikin rubutun.

Mushe Isa: To zan yarda, amma da sharaɗi. Malami kada ya zama ɗan talla, kada kuma ya zama mai tsoratarwa. A raba yara gida biyu su yi muhawara, a gaya musu akwai yarjejeniyar Kartahena ta shekarar 2000 da ta tsara yadda irin waɗannan halittu ke tsallaka iyaka, a bar su su tambayi wa ke da alhakin dubawa. Kuma kafin a taɓa ayaba, sai kowa ya kawo mini sunayen itatuwa 20 na garinsu.

Laminu: Ashirin, Baba? Ni kaina sai na yi tunani.

Mushe Isa: To ka fara tun yanzu. Ranar Laraba da yamma kulob ɗina ke zama, ka zo da alkol ɗinka, ayaba a kaina.

Hadiza: Ni ma zan zo da na'urar ɗaukar murya, masu sauraro su ji yadda za ta kaya. Malaman da ke da irin wannan kulob a Tasawa, Mayahi ko Dakwaro, ku aiko mana da abin da yaranku suka ƙirga. Mushe, Laminu, na gode. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.