Amsoshin Tambayoyinku: 'Yan Buhunan da Aka Zata Shara Ne

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Wasiƙar farko ta wani ɗalibi ce, ya ce ya ci karo da labarin wani farfesa a fannin haihuwa, wai wasu masu bincike sun ambaci aikinsa a takardunsu sau dubbai, kuma bincikensa kan wani abu ne da ake kira eksosom. To mene ne wannan abu, kuma yawan ambato yana nufin mutum ya fi sauran malamai ne?

To malam ɗalibi, ka ga dai jikinka ƙwayoyin halitta ne suka haɗu suka gina shi, to kusan kowace ƙwaya tana ɗaure wasu 'yan mitsi-mitsin buhuna ta wurgo su waje, cikinsu akwai furotin da kitse da guntayen saƙon gado, kuma ƙanƙantarsu ta kai sai ka jera ɗaruruwansu kafin su kai kaurin silin gashi ɗaya. A 1967 wani mai suna Peter Wolf a Ingila ya gan su a jini ya ce musu ƙurar jini kawai. A 1983 Rose Johnstone a jami'ar McGill ta Kanada tana aiki da jinin tumaki ta lura jajayen ƙwayoyin jini idan suna girma da waɗannan buhunan suke zubar da abin da ba su buƙata, ita ce ma ta raɗa musu sunan eksosom a 1987. Kowa ya ɗauka kwandon shara ne, shi ke nan. Sai a 2007 ayarin Jan Lötvall a Suwidin suka nuna ashe akwai saƙo a ciki, ƙwaya na aika wa 'yar'uwarta ta karanta ta yi aiki da shi. Wallahi daga nan ne kasuwar abin ta buɗe.

A ɓangaren haihuwa kuwa tun ƙarshen shekarun 1970 Gunnar Ronquist a Uppsala ya gano irinsu cikin ruwan maniyyi, suna manne wa ƙwayoyin maniyyin su taimaka musu wajen motsi. A 2016 ɗakin binciken Oliver Rando a Amurka ya nuna a jikin ɓeraye cewa abincin da uba ya ci yana sauya guntayen saƙon da ke cikin maniyyinsa, kuma ta waɗannan buhunan ake loda masa wasu. Mabiyiya ma tana zuba nata cikin jinin mai ciki, shi ya sa masu nazarin hawan jinin masu juna biyu, wanda kan kai ga jijjiga, suka sa musu ido.

Yanzu maganar ambato. Akwai wani ma'auni da Jorge Hirsch ya ƙirƙiro a 2005, ana ce masa ma'aunin h, idan aka ce naka 40 ne to kana da takardu 40 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 40. Yana da amfani ba na musu, amma ni kam ban cika sakin jiki da shi ba, domin akwai takardar ƙa'idojin aiki da ƙungiyar masu wannan bincike ta fitar a 2018, ɗaruruwan mutane ne suka sa hannu, an ambace ta sau dubbai, kuma kowannensu lissafin ya shiga asusunsa, alhali aikin Johnstone ya yi shekaru kusan ba mai waiwayarsa. Idan kana son auna farfesan nan ka duba, shi ya fara ganin wani abu ko taƙaita aikin wasu yake yi? Wasu sun maimaita gwajinsa ya fito daidai? A mutane aka yi ko a ɓeraye?

Wasiƙa ta biyu wata baiwar Allah ce, shekara shida da aure ba haihuwa, ta ga talla a intanet wai allurar eksosom tana farfaɗo da ƙwan mace. Hajiya Allah Ya kawo masu albarka, kuma ba ke kaɗai ba ce, Hukumar Lafiya ta Duniya a 2023 ta ce kusan mutum ɗaya cikin shida na fuskantar wannan a rayuwarsa. Amma don Allah ki riƙe kuɗinki. A 2019 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa ba ta amince da ko magani ɗaya na eksosom ba, bayan wasu da aka yi musu magani da shi sun kwanta rashin lafiya. Ki je wajen likitan mata, kuma ki tafi da maigida a gwada shi ma, gwajin maniyyi ba ya cin lokaci.

Injiniya na ta ɗaga min hannu, sauran wasiƙun sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.